Garaji Ba Juji Ba Ne: Abin da Tarihin Inji Ke Faɗa wa Malami da Uba

Duk shekara idan sakamakon brebe ya fito, hukunci iri ɗaya ake yankewa a gidaje da yawa, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai. Wanda ya ci ya wuce lise. Wanda ya faɗi, a kama hannunsa a kai shi garaji, a ce wa maigidan wurin: ga shi nan, kansa ba ya ja, ko Allah zai sa ya koyi abin da zai ci abinci. Mu malamai ma muna da hannu a ciki, don mu ne ke tsoratar da yaro a cikin aji da cewa in bai yi karatu ba zai ƙare a ƙarƙashin mota. Ra'ayina shi ne wannan rabo da muka yi, littafi ga mai ƙwaƙwalwa, ƙarfe ga wanda ya gaza, yana cutar ɓangarorin biyu. Hujjata kuma tana cikin injin kansa, a wani ɗan wuri da bai kai cikin kofin shayi biyu ba.

A shekarar 1908 kamfanin Ford na Amurka ya fito da motar da ake kira Model T. Cikin injinta lita 2.9 ne, ƙarfinsa na dawaki 20. A shekarar 1967 wani ƙaramin kamfani a Ingila mai suna Cosworth ya ƙera injin tsere mai lita 3, ƙarfinsa ya kai na dawaki 400. Girman ciki kusan ɗaya, ƙarfi ninki 20. Gaskiya ne na biyun injin tsere ne mai tsada, amma ko ƙaramar motar da ke taksi a yau, mai lita ɗaya da rabi, tana ba da ƙarfin dawaki wajen 100. Abubuwa da dama ne suka kawo wannan bambanci, har da ingancin ƙarfe da na mai. Amma babban fagen da aka yi kokawar shi ne ɗakin ƙuna, wato ɗan sararin da ke ragewa tsakanin kan fistan da kulas lokacin da fistan ya hau ƙarshe.

Murhun da ke cikin inji

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin inji ba, ga yadda abin yake a taƙaice. Fistan na sauka, ya shaƙo iska da man fetur ta ƙofar da bakanikenmu ke kira supap, maƙwabtanmu na kudu kuma su ce bawul. Ya hau, ya matse su a ɗakin ƙuna. Buji ya ƙyasta wuta, haɗin ya kama, zafin ya tura fistan ƙasa da ƙarfi. Ya sake hawa, ya kori hayaƙi. Kulas shi ne murfin da ke rufe saman, a jikinsa ne aka sassaƙa ɗakin, aka kafa supap da buji.

Iyayenmu mata sun san cewa icce ɗaya ne, amma murhun duwatsu uku da murhun ƙarfe na mai sauƙi ba su cinsa daidai. Siffar murhu ce ke hukunta yadda iska za ta shiga da inda zafi zai tafi. Haka ɗakin ƙuna yake, sai dai shi lokacinsa ƙanƙane ne ƙwarai. Injin da ke juyi 3000 a minti yana juyi 50 ke nan a sakan ɗaya, kowane silinda kuma yana kama wuta sau 25 a cikin wannan sakan. Lokacin da wutar ke da shi ta cinye man bai wuce kashi 3 cikin 1000 na sakan ba. To, idan haɗin iska da fetur yana kwance shiru, wuta ba ta ratsa shi da gudun da ya kai rabin mita a sakan. A wannan ɗan lokaci ba za ta wuce milimita ɗaya da rabi ba, alhali kuwa daga buji zuwa bangon silinda akwai wajen milimita 40. Da haka abin ya tsaya, da babu injin da zai yi gudu. Abin da ke ceton sa shi ne hargitsin iska: idan haɗin ya shigo yana birkicewa yana murɗawa, wutar na yaɗuwa kamar gobarar daji a cikin hunturu.

Matsala ta biyu ita ce matsi. Gwargwadon yadda ka matse haɗin kafin wuta, gwargwadon ƙarfin da za ka samu daga lita ɗaya ta mai. Amma in matsin ya yi yawa, ragowar haɗin da ke can nesa da buji sai ya fashe da kansa kafin wutar ta iso. Wannan ne ƙarar ƙal-ƙal-ƙal da direba ke ji idan mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu, kuma in ta daɗe tana huda kan fistan. Injin Model T yana matse haɗin wajen ninki 4 ne kawai, saboda tsoron wannan ƙarar. Motocin fetur na yau suna kai ninki 10 ko fiye. Shekaru 60 aka yi ana neman siffar ɗakin da zai shaƙi iska da yawa, ya hargitsa ta, ya ƙone ta da sauri, kuma kada ya yi ƙara. Su wane ne suka yi wannan nema, shi ne abin da nake so malamai da iyaye su duba.

Waɗanda aka kira ƴan damfara

Mu fara da Peugeot, tunda mun san sunan tun zamanin 404 da 504. Wajen 1911 wasu direbobin tsere uku, Georges Boillot da Jules Goux da Paolo Zuccarelli, suka shawo kan Robert Peugeot ya bar su su ƙera motar tsere da kansu. Injiniyoyin ofishin zane na kamfanin suka ji haushi, suka laƙaba masu suna da Faransanci mai ma'anar ƴan damfara, masu da'awar sanin abin da ba su sani ba. Direbobin sun san abin da inji ke yi a hanya, don jikinsu ya ji. Amma ba su tsaya nan ba: sun ɗauko wani matashi mai zane ɗan ƙasar Suwizalan, Ernest Henry, wanda ya yi makarantar fasaha a Janeba, ya mai da tunaninsu zane mai awo. Injin da suka fitar yana da supap huɗu a kowane silinda, a karkace, buji a tsakiya, da sanduna biyu masu buɗe supap a saman kulas. A 1912 Boillot ya ci babbar tseren Faransa a Dieppe da inji mai lita 7.6, ya bar motocin Fiat masu lita 14 a baya. A 1913 Goux ya je Amurka ya ci tseren Indianapolis. Tsarin nan na supap huɗu da sanduna biyu shi ne a cikin mafi yawan motocin da ake ƙerawa yau.

A Ingila kuma labarin ya zo ta ɗaya ɓangaren. Harry Ricardo, wanda aka haifa a 1885, ɗan masu hali ne, ya yi jami'ar Cambridge. Amma tun yana ɗalibi yake ƙera inji da hannunsa. Shi ne ya zauna ya bi diddigin ƙarar nan ta ƙal-ƙal. Ya ƙera injin gwaji wanda ake iya ƙara masa matsi ko a rage yana cikin aiki, ya riƙa zuba masa mai iri-iri yana rubuta matsin da kowanne ke fara ƙara. Wannan aiki ne ya share hanyar lambar oktan da ake auna ingancin fetur da ita, wadda aka tsayar a Amurka a ƙarshen shekarun 1920. A 1919 ya fito da wani kulas da ya sauko da wani sashensa dab da kan fistan, ta yadda in fistan ya hau sai ya fizgo haɗin da ƙarfi zuwa wajen buji, kamar yadda zuga-zugin maƙeri ke hura gawayi. A 1931 ya yi wa injin gazuwal wani ɗan ɗaki zagayayye mai suna Comet, inda iska ke juyawa kamar guguwa kafin a fesa mai. Injunan gazuwal na 404 da 504 da suka yi shekaru suna jigila a hanyoyinmu, da irin wannan ɗakin suke aiki.

Harry Weslake, wanda aka haifa a 1897 a garin Exeter, ya fara ne a matsayin ɗan koyo a masana'antar da mahaifinsa ke aiki, inda ake ƙera na'urar auna iskar gas ta gidaje. Mai son babur ne. Kafin shi, masu gyara suna goge hanyar iskar kulas har ta yi sheƙi, su ce ta gyaru, don ido ya ga kyau. Shi kuwa sai ya ɗauko dabarar gidansu: ya riƙa jan iska ta cikin hanyar yana auna yawan wadda ta wuce. Awon ya nuna masa cewa hanya mai sheƙi da faɗi ba lalle ta fi wuce da iska ba, lanƙwasarta ce ke magana. A 1935 kamfanin da daga baya ya zama Jaguar ya ba shi wani inji mai ƙarfin dawaki wajen 70, ya yi masa sabon kulas, ya haura 100. Shi ne kuma ya tsara ɗaki mai siffar zuciya na ƙananan injunan Austin da suka fito a 1951, irin wanda aka sa wa motar Mini a 1959.

A Faransa akwai Amédée Gordini, haifaffen Italiya a 1899, wanda ya shiga koyon aikin ƙarfe da gyaran mota tun yana yaro, ya zauna a Paris a shekarun 1920. Faransawa suna kiransa Boka, don sun ga yana karɓar ƙaramin injin Fiat ko Simca ya mai da shi abin tsere. A 1964 Renault ta fitar da R8 Gordini, shuɗiya mai farin layi biyu. Injin lita 1.1 ne, wanda a motar gida yake ba da ƙarfin dawaki 50. Da kulas ɗin Gordini ya kai 95. Sirrin bokancin shi ne ɗaki mai siffar kifaffiyar ƙwarya, iska ta shigo ta gefe ɗaya, hayaƙi ya fita ta ɗaya gefen, supap manya suna fuskantar juna. Motar ta ci tseren tsibirin Kos shekara uku a jere, 1964 da 1965 da 1966. Amurkawa ma sun yi yayin wannan siffa ta ƙwarya: Chrysler ta sa ta a injinta mai silinda takwas a 1951, sunan Hemi ya zama abin alfahari a wurinsu.

Amma ƙwaryar na da aibi. Tana da zurfi, don haka in kana son matsi mai yawa sai ka yi wa fistan tozo ya shige cikinta. Sararin da ya rage sai ya zama siriri mai lanƙwasa kamar ɓawon lemu, wuta ta yi ta kewaye kafin ta gama. Wanda ya warware wannan shi ne Keith Duckworth, wanda ya gama kwalejin Imperial ta Landan, ya haɗa kai da Mike Costin, wanda ya koyi aiki da hannu a kamfanin jiragen sama na de Havilland. A 1958 suka haɗa sunayensu suka kafa Cosworth. Daga cikin abubuwan farko da suka kashe wa kuɗi akwai na'urar auna ƙarfin inji, don Duckworth ba ya yarda da abin da ba a auna ba. Ya dawo da supap huɗu irin na ƴan Peugeot, amma ya rage karkatarsu zuwa digiri 32 tsakaninsu. Ɗakin ya zama kamar rufin kwano mai gangara biyu, marar zurfi, kan fistan a shimfiɗe, buji a tsakiya, iska na shigowa tana tuntsurawa. Injin, mai suna DFV, ya ci tserensa na farko a Holan a 1967 da direba Jim Clark, ya kuma ci manyan tsere 155 kafin ƙarshen 1983.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi kama da yaranmu. Soichiro Honda ɗan maƙerin ƙauye ne a Japan. Yana ɗan shekara 15, a 1922, ya tafi Tokyo koyon gyaran mota a garaji, ya zama gwani, ya buɗe nasa. Da ya so ya ƙera zoben fistan, sai abin ya gagare shi: zobban suna fitowa masu gautsi, Toyota ta ƙi mafi yawansu. Yana da shekara wajen 30, da iyali da ma'aikata, ya koma ya zauna a benci a makarantar fasaha ta Hamamatsu don ya koyi ilimin ƙarfe, a nan ya gane cewa narkakken ƙarfensa na da ƙarancin sinadarin silikon. A 1972 kamfaninsa ya nuna injin CVCC, mai ɗan ƙaramin ɗaki kusa da buji inda haɗi mai mai da yawa ke kamawa ya kunna babban ɗaki mai ɗan mai kaɗan. Shi ne injin farko da ya cika sharuɗɗan dokar hayaƙi ta Amurka ta 1970 ba tare da matatar hayaƙi a salansa ba. A 1975 kuma suka fitar da babur CG125, bayan ma'aikatansu sun zagaya ƙasashen kudu maso gabashin Asiya sun ga yadda ake lafta wa babur kaya ana jinkirin canja mai. Da yawa daga cikin baburan China da ƴan kabu-kabu ke hawa a titunanmu, injinsu kwaikwayon wannan ne.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Ku duba jerin nan da kyau. Akwai ɗan jami'a, akwai ɗan maƙera. Amma babu ko ɗaya da ya ci nasara da rabin abin. Direbobin Peugeot sun nemi mai zane. Ricardo da Duckworth sun baro tebur sun shafa baƙin mai. Weslake ya ɗauko ma'auni. Honda ya koma aji da girmansa. An kira wasunsu boka, an kira wasu ƴan damfara, saboda mai kallo daga nesa ba ya ganin awo da rubutu da maimaita gwaji, sakamakon kawai yake gani.

Mu ma muna da bakaniken da zai sa kunne a jikin inji ya gaya maka supap na nawa ne ke kuka. Wannan baiwa ce ta gaske, kuma na fi ƙarfin in raina ta. Abin da ke ba ni takaici shi ne ilimin yana tsayawa a kunnensa. Ba a auna shi ba, ba a rubuta shi ba, ran da ya kwanta dama ya tafi da abinsa, yaransa su fara daga farko. A ɗaya gefen kuma muna da ɗalibin da zai rubuta maka ƙa'idar girman silinda ba kuskure, ya ci maki cikakke, amma bai taɓa riƙe fistan ba, bai kuma san cewa babur ɗin da ya kawo shi lakwal silinda ne ke tura shi ba.

Ga misalin da ke nuna inda rabuwar ke ci mana kuɗi. Mota ta yi zafi, kulas ya lanƙwashe, aka kai shi aka daddale fuskarsa. Abu ne da ake yi kullum. Injin 404 mai cc 1618 ne, faɗin silindarsa milimita 84, kowane silinda na ɗaukar wajen cc 404. Mu ƙaddara ɗakin ƙunarsa cc 60 ne. Matsin shi ne 404 a tara da 60, a raba da 60, wato 7.7. In aka cire milimita ɗaya daga fuskar kulas, ɗakin na iya rasa har cc 5 da rabi. Sabon lissafi ya ba da 8.4. Mai mota zai ji ta ƙara kuzari, ya yaba. In aka sake daddalewa bayan shekara, aka zuba man kwalba na bakin hanya da ba wanda ya san ingancinsa, a zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, sai ƙal-ƙal ta fara, fistan ya huje, a ce tsautsayi ne. Lissafin da zai hana wannan asara bai wuce na ɗan kolaji ba. Yana cikin littafin yaron da muka hana zuwa garaji, kuma babu shi a kan yaron da muka tura can.

Abin da za a ce mani

Wani zai ce tseren mota wasan masu kuɗin Turai ne, me ya haɗa shi da ɗan Tasawa ko na Madawa? Amsa ita ce abin da aka gwada a filin tsere jiya, shi ne a cikin motar haya yau. Kuma akasarin mutanen nan da injin wani suka fara, suka gyara shi ya dace da buƙatarsu, ba da masana'anta ba. Mu ma muna da tamu buƙatar: zafi, ƙura, kaya fiye da kima, mai iri-iri, daga na matatar SORAZ da aka buɗe a Damagaram a 2011 zuwa na kwalba. Babu injiniyan da zai taso daga Ingila ya zauna ya auna mana yadda injin ban ruwa na mai albasa a Galmi zai rage shan mai. In ba ɗanmu ya yi ba, ba mai yi.

Uba zai ce: malam, ga masu diplom nan zaune a fada suna dafa shayi, bakanike kuwa kullum yana shigowa da cefane. Wannan magana tana da nauyi, kuma ba zan ce ƙarya ba ce. Amma motar da ke shigowa yanzu babu kafireta a cikinta. Kwamfuta ce ke auna iska ta fesa mai, har da na'urar da ke sauraren ƙal-ƙal ta ja lokacin wuta baya. In ta lalace, sai an jona mata na'urar bincike, ita kuma rubutu take fitarwa da lambobi. Yaron da aka cire daga aji bai iya karatu sosai ba, nan da shekara 10 zai zama mai kwance taya ga wanda ya iya.

Wani kuma zai ce ai motocin lantarki na tafe, me za a yi da tarihin fetur? Ko sun zo, janareto da injin niƙa da injin ban ruwa da manyan motocin kaya za su daɗe tare da mu. Ban da haka, abin da nake so yaro ya ɗauka shi ne ɗabi'ar: auna kafin ka taɓa, canja abu ɗaya tak, sake aunawa, rubuta. Mai wannan ɗabi'a zai gyara batir da faifan hasken rana kamar yadda zai gyara kulas.

Kada kuma samari su ɗauka ina ɗaure wa masu cire salansa gindi, waɗanda ke tashin unguwa ran ɗaurin aure suna karya ƙafafun mutane. Ƙara ba ƙarfi ba ce. Sau da yawa babur ɗin da aka fasa wa salansa ƙarfinsa raguwa yake yi a ƙaramin gudu, sai dai mai shi ba ya aunawa, kunnensa ne ke yaudararsa.

Abin da ke hannunmu

Ga ƴan uwana malamai: a makarantar horon malamai an koya mana mu fara da abin da yaro ke iya taɓawa kafin mu kai shi ga ƙa'ida. Ba sai mun jira ɗakin gwaji ba. Kowane garaji na da mataccen kulas da fistan a jibge, kuma maigidan zai ba da aro in an gaishe shi da mutunci. A kifa kulas da supap da buji a jikinsa, a shafa ɗan giris a gefe, a ɗora gilashi ko roba mai ɗan huji, a riƙa ɗura ruwa da sirinji ana ƙirgawa har ɗakin ya cika. An sami girmansa ke nan. A auna faɗin silinda da nisan tafiyar fistan da rula, yara su fitar da matsin da kansu. A cikin awa ɗaya an yi da'ira, an yi girman silinda, an yi rabawa, an yi ma'auni. A tambaye su kuma: tunda kilo ɗaya na fetur na buƙatar iska kilo 14.7, lita ɗaya za ta sha iska lita nawa? In suka gano cewa wajen lita 9000 ce, za su fahimci abin da toshewar matatar iska ke yi a lokacin ƙura. Ran da za a yi darasin, a gayyato bakaniken ya tsaya gaban aji, a kira shi malam, don a wannan fage malam ne. Ƴan mata su riƙe sirinjin kamar yadda maza za su riƙe. Mu kuma daina zagin yaro da garaji.

Ga iyaye: in ɗanka na kwance rediyo yana haɗawa, yana zama wurin mai gyaran babur har ya manta da abinci, kada ka ɗauka alamar lalacewa ce, kada kuma ka ce shi ke nan an huta da kuɗin littafi. Ka bar shi a lakwal, ka kai shi garaji a lokacin babban hutu. In lokacin zaɓen hanya ya yi, ka tambayi labarin makarantun fasaha na CET da cibiyoyin koyon sana'a na CFM da Lise Teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi da zuciya ɗaya, ba don an rasa wuri ba. In kuwa dole ta sa ya bar aji, ka zaɓi maigida kamar yadda kake zaɓen suruki. Je ka zauna ka gani. Yana da ma'auni ko da guduma yake komai? Yana yi wa yara bayani, ko shekara uku za su yi suna wanke ƙarfe da fetur da sayo shayi? Yana barin su suna zuƙo mai da baki? Ka saya wa yaron littafin rubutu da biro, ka ce kowace mota aka gyara ya rubuta ciwonta da abin da aka auna da abin da aka yi mata, ka riƙa dubawa ran Juma'a ko da wani zai karanta maka. Ka sa shi darasin dare don kada karatun ya gudu.

Ga masu tsara ilimi kuma, muddin makin da ya gaza ne kaɗai ke kai yaro makarantar fasaha, iyaye za su ci gaba da ganinta a matsayin hukunci. A bar wasu daga cikin na gaba-gaba su shiga da zaɓinsu, a ba su tallafin da zai sa wasu su yi sha'awa.

Mutanen da na ambata ba su fi yaranmu kai ba. Sun tashi ne a inda mai kile da mai alƙalami ke shiga ɗaki ɗaya su yi gardama a kan lamba. Haɗa su a nan ba ya buƙatar kuɗin waje: mataccen kulas ne, da sirinji, da malamin da ba ya jin kunyar baƙin mai, da uban da ba zai ce ɗansa ya lalace ba don an gan shi riƙe da fistan. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a hannuwansu da kawunansu baki ɗaya.